Waƙar Bayan Zana

Rawayau, ta Kurfi
9 ga Fabrairu, 1985

Zuwa ga angona Ummaru, mutumin Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ka gaishe mani da mahaifiyarka Kezia, ka ce mata man zafin da ta aiko ya yi aiki. Gwiwar hagu ta saki, ta dama ce ke ta gardama har yau. Kai kam gaisuwar bakin ƙofa ta ishe ka, don mijin da zai shekara biyu bai leƙo matarsa ba, ko sabulun wanka bai aiko ba, ba a shimfiɗa mashi tabarma. Jikokina goma sha ɗaya, kai kaɗai na aura na yi da-na-sani.

To ba wannan ta sa na ɗauki biro ba.

Ran Asabar mun je Wurma bikin jikar Rabi, ƙawata. Bayan la'asar samari suka shigo da wata rakoda mai baki biyu, suka jona ta da batirin mota, suka aje tsakar gida. Kiɗa ya tashi, dum-dum-dum, kamar an tada injin niƙa babu hatsi a ciki. 'Yan mata suka kwance mayafi suka ɗaura a ƙugu. Har wani malamin makaranta mai gemu na gani yana kaɗa ƙafa ƙarƙashin riga, yana zaton ba a ganinsa. Ni ina gefe ina fama da alkaki da haƙoran da suka rage mani, sai na ji murya. Na ce wanga hancin na san shi. Na ƙara kasa kunne, na aje alkakin.

Ummaru, waƙar babanka ce.

Kada ka ce mani tsufa ne. Ko cikin rijiya aka jefa ta zan gane ta. Ita ce wadda ya yi a Kaduna shekara goma sha biyu da suka wuce, a faifai, irin kiɗan nan mai sanyi da kuke ce ma sol, da jita da abin nan mai kuka kamar na coci. Shi a hankali ya yi ta, kamar mai tafiya da ƙwaryar nono a ka. Kai ka ɗauko ta ka ɗora bisa babur ka saki birki. Baiti huɗu ne, ka yar da uku da rabi, ka bar "bayan zana, bayan zana" kana ta maimaitawa kamar wanda kunama ta harba. Ka san abin da yaran nan suka ɗauka? Wai zancen saurayi da budurwa ne. Wata 'yar ficiciyar yarinya tana juyi tana kashe ma wani ido tana cewa bayan zana. Da ba gidan mutane ba ne da na taka rakodar nan.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Na ce a miƙo mani gidan kaset ɗin. Ga ka nan a hoto, gashi kamar an kifa maka kwando, tabarau ya cinye rabin fuska, riga a buɗe har cibiya kamar tela ya mutu bai gama ba. Na karanta gaba, na karanta baya, na zaro takardar na duba cikinta. Yaƙi da jahilci na yi, ban yi kwaleji ba, amma baƙi ba ya ɓace mani. An rubuta: waƙa da kiɗa, Umar Kurfi. An sa sunan mai ganga. An sa sunan mai hoto. Har wanda ya ɗinka rigar da bai gama ba an sa nasa. Na mai waƙar fa? Babu.

Mutum shekararsa bakwai a ƙasa. Bai bar gona ba, bai bar gida ba, abin da ya bari duniya kai ne da wagga waƙa. Ka cire sunansa daga bayan naka ka sa Kurfi, na yi shiru na ce yayi ne. Yanzu kuma ka cire shi daga waƙarsa. Rabi ta ce mani, "Inno, jikanki ya zama babban mutum, har gidan rediyo ana sa shi." Na ce, "Ƙwarai kau, ba a taɓa ɓarawo mai suna haka a danginmu ba."

Ka ba ni amsa. Ka aiko ta hannun Madam Salomi mai ɗinki a Dutsin-Ma, Ɗanmusa direba zai kawo mani. Na yi maka dakuwa, da na tuna hoton nan sai na ba Rabi.

Matarka da ka wulaƙanta,
Inno


Legas
4 ga Maris, 1985

Zuwa ga Inno, amaryata mai faɗa.

Na samu wasiƙarki. Muna lafiya. Mama tana gaishe ki, ta ce za ta aiko wani man don gwiwar dama. Gashina ma yana gaisuwa.

Inno, zan yi wasa da ke a kan komai, ban da wannan.

Gaskiya ne waƙar Baba ce. Da ya yi ta ba wanda ya kula, rabin faya-fayen a shagon wani suka lanƙwashe saboda rana. Ni na sa mata ganga, yau ana rawarta daga Legas har Maraɗi. Mutanen kamfani suka ce sunan wanda ba a sani ba ba ya jawo kowa. Da na so da na yi musu gardama. Ban yi ba, kuma zan gaya miki dalili.

Na sake duba wasiƙarki. Babanka. Mai waƙar. Mutum. Shafi uku kina faɗa a kan sunan da ba a sa ba, ke ma ba ki sa shi ba. Sunansa Mamuda, Inno. Mamuda. Shekarata ashirin da huɗu ban taɓa jin sa a bakinki ba. Na san ana cewa kunyar ɗan fari, amma ni ma ɗan fari ne, Mama kuwa sau hamsin take kiran sunana kafin azahar. Kuma wace irin kunya ce take bin mutum har kabari? Da mota ta kashe shi a hanyar Zariya muka zo Rawayau zaman makoki, ina kallon ki. Kowa na kuka, ke kina raba wa baƙi fura. Kika dube ni kika ce na yi tsawo kamar gwangwala. Hawaye ko ɗaya ban gani ba.

Da ya yi faifan ya aiko miki ɗaya. Ina da shekara goma sha biyu, ina tunawa. Wata biyu yana zuwa tasha yana tambaya ko akwai saƙo daga gida. Da saƙon ya zo, ɗan buhun gari ne da wasiƙa mai layi huɗu: an yi ruwa, gero ya yi kyau, akuya ta haihu. Ba kalma ɗaya a kan waƙar. Kin kuwa san abin da ya ce a cikinta, in har kin taɓa ji:

"Ina jin ki bayan zana,
ba ki kira ni ba, na amsa."

In wannan ba ƙorafi ba ne, mene ne? Shi ya sa na cire baitin. Ba na iya rera shi.

Ni abin da na ɗauka, kin fitar da shi daga ranki tun ranar da ya ɗauki jita ya auri Kirista. Na ce to, in sunan nauyi yake miki, bari in sauke miki.

Za a sake buga kaset ɗin kafin Babbar Salla. Ki rubuto mini sunansa da hannunki, sau ɗaya tak. Yadda kika rubuta haka zan sa a buga shi a gaba, sama da nawa. In ba ki rubuto ba, ya zauna yadda yake.

Mijinki,
Ummaru


Rawayau
28 ga Maris, 1985

Ummaru.

Lafiya lau muke. Ka gaida Kezia. Ban ce angona ba, kuma da gangan ne.

Na karanta takardarka sau biyu, na sa ta ƙarƙashin tabarma na zauna a kai. Kai, yaron da na wanke ma kashi da hannuna, kai ne za ka kafa mani sharaɗi kamar alƙali? In rubuta? Ni? Je ka tambayi duk wata tsohuwa daga nan har Kurfi, wace ce ta taɓa kama sunan ɗanta na fari tana juya shi a baki kamar goro. Uwata ba ta faɗi na yayana ba har ta koma ga Allah. Akwai mai sai da gishiri a kasuwarmu mai irin sunan, shekara ashirin "mai gishiri" nake ce mashi. In ya yi nisa bai ji ba, in haƙura in ci lami. Kezia tana kiranka sau hamsin, to Allah ya ƙara mata murya, kowa da yadda ake yi a gidansu. Ban taɓa cewa nata ba daidai ba ne. Nawa me ya sa ya zama laifi?

Zancen Kirista kuma ka bar shi, don ƙarya ce. Da aka haife ka, wa ya bar gyaɗarsa a gona ya tafi Kaduna ya yi ma Kezia wankan jego kwana arba'in? Tambaye ta wa ya hura wutar. Tambaye ta wa ya dama mata kunun kanwa tana kuka tana cewa "Mama, za ki dafa ni." Tambaye ta.

Wai ba ka ga hawayena ba. Dama an ce maka a bakin hanya nake shanya su?

Kai ka ɗauki abin da ba naka ba, ni kuma za a tuɓe ma zane a kasuwa kafin ka mayar. Ba zan rubuta ba. Ka san sunan, ka fi ni boko, hannu kuma Allah ya ba ka har biyu. Ka rubuta da kanka, ko ka bari gobe kiyama ku haɗu ka yi mashi bayani.

Jiya an ɗaura aure a Kurfi, waƙar ce. Shekaranjiya suna a maƙwabta, waƙar ce. Jakin Labaran maƙwabcinmu ma in ya yi kuka yanzu da kiɗanka yake fitowa.

Inno


Dutsin-Ma, gidan Madam Salomi
17 ga Yuli, 1985

Zuwa ga Ummaru mai fushi.

Gaisuwa da fatan alheri. An yi azumi lafiya, an yi Ƙaramar Salla lafiya, ko barka da shan ruwa ba ka aiko ba. Wata huɗu ke nan. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, ciwon gwiwa ya kai ƙugu. Duk ranar kasuwa in na tambayi Salomi ko akwai takarda, sai ta girgiza kai ta ci gaba da taka keke. Wanga taurin kai na san inda ka gado shi, kuma ba wajen Kezia ba ne.

Kada ka ce na sauko. Wani abu ne ya faru, kuma tunda ka naɗa kanka alƙali sai ka zauna ka ji shari'ar duka.

Da aka yaye babanka, kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, yadda aka saba. Sashenta yana jikin namu, zana ɗaya ce tsakani. Ba na ɗaukarsa gaban mutane, ba na yi mashi wasa. In ya faɗi ya fasa baki sai in kalli wani wuri in jira wani ya ɗaga shi. Haka ake yi, haka na yi. Amma dutsen niƙana yana jikin zanar nan. Ni na jawo shi can, na ce wai inuwa ta fi. Kullum da hantsi in na durƙusa niƙa sai in yi waƙa. Kowa ya san mace na waƙar niƙa, ba mai tambaya don wa. Ina ganin 'yan yatsun ƙafarsa ta ƙarƙashin zana. In na yi shiru sai yatsun su fara motsi, in na ci gaba su tsaya cak. Haka muke har aka kai shi makaranta. Abin nan da ka ɗora bisa babur, karin waƙar niƙana ne, shi ya sa mashi jita.

Ka ce ƙorafi ne. Mai ƙorafi cewa yake na kira ba ki amsa ba. Shi me ya ce? Ya ji, Ummaru. Abin da yake gaya mani ke nan, ya ji. Shi ɗan gidan ne, ya san yadda ake magana a gidan.

Garin da ka raina kuma, shekarar nan an riga an kawo injin niƙa Kurfi, ba mai durƙusa ma dutse sai wadda kanta ya taɓu. Kwana uku na yi ina niƙa shi da hannuna. Me kake so in rubuta a takarda da ya wuce wannan?

Sai faifan. Ba mu da garmaho a Rawayau, kuma ko da akwai, ina ni ina zama gaban mutane ina sauraron ɗan fari? Sai na naɗe shi cikin tsohon zane na kawo ma Salomi na ce ɗinki ne. Ta buɗe, ta dubi faifan, ta dube ni. Mijinta Malam Kefas yana da garmaho. Ta kai ni ɗakin ciki ta sa mani, ta jawo ƙofa, ta koma ta riƙa taka kekenta da ƙarfi don kada a ji abin da nake yi a ciki. Shekara goma sha biyu ke nan. Duk Rawayau an san Inno da son ɗinki, kusan kowace kasuwa tana Dutsin-Ma wajen tela, amma ba a taɓa ganinta da sabuwar riga ba. Rabi har cewa take matar nan ta yi mani asiri. Ranar da kuka koma Kaduna bayan makoki, nan na zo. Tambayi Salomi ko ta ɗinka abin kirki ran nan. Allura biyu ta karya.

To ga abin da ya faru. Malam Kefas ya aje aiki, bayan Salla za su koma garinsu da garmahonsu. Wannan ma da sauƙi. Faifan ne ya gaji. Ya cinye, sai shuuu kamar ana ruwa bisa kwano, muryar tana can ƙasa kamar mai magana cikin tulu. Yau da muka sa, ya kai baiti na biyu allura ta zame, ta koma, ta sake zamewa. Salomi ta ɗora mata kwabo don ta yi nauyi, bai hana ba. Ta ce, "Mama Inno, wannan ya gama aikinsa." Na leƙo waje, ga shagon mai kaset a tsallake yana ta dum-dum-dum, bayan zana, bayan zana.

Na koma na zauna. In nawa ya mutu, su Salomi suka tafi, ni ma aka kai ni makwancina, wa ya rage da ya san mai ita? Kai. Kai da taurin kanka.

Na ce Salomi ta ba ni takarda ta fita. Ta fita. Na ɓata uku. Ga ta huɗun nan na naɗe daban, ban sake dubawa ba. Kada ka ce mani baƙaƙen sun karkace.

Sharaɗina biyu, tunda zamanin sharaɗi ne. Na ɗaya, ka nemo faifan da bai cinye ba ka sa tasa a bayan kaset ɗin, cikakkiya, baiti huɗu, ba ganga. Na biyu, kada ka kuskura ka gaya ma kowa wa ya rubuta.

Ban yafe ba. Allah ya yi maka albarka.

Inno

A cikin ambulan ɗin, wata 'yar takarda naɗe sau huɗu:

Mamuda


Legas
6 ga Agusta, 1985

Inno,

Muna lafiya. Na karanta wa Mama wasiƙarki. Ta ce in gaya miki har yau bayanta yana tuna ruwan zafin nan. Sannan ta yi mini faɗan da ban sha irinsa ba tun ina firamare. Ta ce wata huɗu ina kumbura a ɗaki, ita tana nan ban tambaye ta ba.

Garin nan na tuna shi. Baba bai bari an yi tuwo da shi ba. Mama tana ɗiba kaɗan-kaɗan tana dama masa kunu, shi kaɗai, ko ni ba ya sam mini. Na ɗauka rowa ce. Da ƙwari suka shiga ragowar, da kansa ya tankaɗe ya ci gaba da sha. Da idona na ga wannan, amma sai na riƙe zuwansa tasha na manta da kunun.

Na samu faifai mai kyau wajen wanda ya kaɗa masa jita, yana Kaduna har yanzu, gyaran rediyo yake. Mutanen kamfani sun ce ba mai sauraron abu mai sanyi haka. Na ce to su nemi wani ya tsaya musu a hoton. Sun yarda.

Baƙaƙen sun karkace, amma ban faɗa ba.

Ki yafe mini. Ina zuwa bayan Salla, zan rage gashin.

Angonki, in an mayar da ni,
Ummaru


Rawayau
12 ga Oktoba, 1985

Zuwa ga angona Ummaru. Na mayar da kai, amma ɗakin awaki za ka sauka.

Muna lafiya, an gama girbin gero, dawa ta fitar da kai. Su Salomi sun tafi. Bayan Sallar da ka ce kana zuwa ban san ta wace shekara ba ce. Rakodar da ka aiko da kaset ta iso, Ɗanmusa ya kawo. Na juya bayan, na ji. Abin da zan ce ke nan a kai, kada ka tambaye ni ƙari.

Yanzu faɗa. Na ce kada ka gaya ma kowa, ba ka gaya ba, na yarda. Amma wa ya ce ka buga rubutun nawa ƙato haka, daga wannan gefe zuwa wancan, har yana taɓa gashinka? Shekara talatin ina rubuta ma matan Rawayau wasiƙa suna zaune suna kallon hannuna. Ran sunan jikan Labaran, Rabi ta ɗauki gidan kaset ta kai shi nesa da ido, ta dawo da shi kusa. Ta ce, "Inno, wanga rubutu mai hawan tudu fa?" Na ce, "Duk wanda ya yi yaƙi da jahilci haka hannunsa yake." Ta ce, "Tabarma ɗaya muka zauna ni da ke, nawa gangara yake yi." Shi ke nan, kafin a raba goro magana ta zagaye gida. Wata ta riƙe haɓa ta ce duniya ta zo ƙarshe. Wata ta ce dama ita tun zuwa wajen telar nan ta san da wata a ƙasa. Yanzu in na wuce sai in ji ana ga marar kunya nan. Shekara sittin da ɗaya ina tara mutunci, ka watsar mani da shi cikin wata ɗaya.

Rabi ce ta rako ni har bakin rijiya. Sai da za mu rabu ta ce, "Da wuya?" Na ce, "Ki gwada ki ji." Nata ɗan farin yana Funtuwa, da ransa.

Kuma kada ka yi zaton ka gyara duniya. Yaran nan ba mai sauraron bayan kaset ɗin. Da taka ta ƙare sai su zura biro su mayar da zaren baya, dum-dum-dum. Har yau 'yan mata na kashe ido. Wannan alhakin yana wuyanka.

Ran kasuwa na je Dutsin-Ma. Ba ni da tela yanzu, sai na ce kifin dam ɗin Zobe zan sayo. Ya'u mai kaset, wanda shagonsa ke tsallaken gidan su Salomi, ya samu sabon abin talla. Yana tsaye bisa benci da kaset a hannu yana ihu, wai ga sabon bugu, ga ta ɗan ga ta uban, sai ya kama sunan ya cilla sama, tun daga layin 'yan tukwane ana ji. Ba Malam, ba marigayi, haka tsirara, kamar shi ya yanka ragon sunan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi ta gabansa don in harare shi. Na kai ƙarshen layin na ga hararar ba ta isa ba, na dawo. A na huɗu ya sauko daga bencin ya ce, "Iya, hanya kika ɓata ne? 'Yan kifi suna can yamma."

Na ce, "Na tambaye ka? Hau bencinka. Kuma ka buɗe baki sosai, ko ba ka karya ba ne? Na wajen tasha ba su ji."

Kifin ban samu ba, kasuwa ta tashi. Ka taho da naka.

Matarka,
Inno